An Ɗage Zama Zuwa Alhamis

Mama Akawu ta rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsugune ina tsince shinkafa. Anti Jummai ce ta kira, babbar 'yarta. Ta ce, "Amarya, Mama ta tafi da asuba." Na ce to. Na ajiye waya na ci gaba da tsince tsakuwa har na gama, sannan na tuna ban tambaye ta komai ba.

Har yanzu ban yi kuka ba. Zan rubuta abin da na sani kawai.

Ga waɗanda ba su san ta ba, sunanta Rifkatu, amma a layinmu na Majidaɗi ba mai kiran ta haka. Ta yi aikin akawun kotu a ƙananan garuruwa har ta yi ritaya, sannan ta dawo Jalingo ta zauna. Ƙofar gidanta na kallon gidan da muke haya.

Ranar da aka kawo ni ita ce ta fara shigowa, da kwanon kunun gyaɗa a hannu. Ta dubi ɗakin, ta dubi ni, ta ce, "Ba ki da turmi." Da yamma sai ga turmi. Yana nan har yau, ba ta taɓa tambayar sa ba.

Shekara biyu ke nan da aurena, ba ta daina ce mini Amarya ba.

Masu bibiyata a nan kun san ni da littafi. 'Yan guruf ɗinmu na karatu sun fi kowa sani. In na kama labarin soyayya a waya, ko gidan zai kama wuta sai na kai ƙarshen babi. Wata rana na ɗora wake na shiga ɗaki, jarumin littafin yana filin jirgi yana neman wadda ta gudu. Ƙauri ne ya tsallaka titi ya kai wa Mama rahoto. Ta shigo ba sallama, ta sauke tukunya, ta ce da Hausarta irin ta nan, "Amarya ya ƙona wake, amma ya ceci soyayya."

Kafin maigida ya dawo daga aiki ta aiko mini da miyar zogale a kula. Ya ci yana yaba hannuna. Ba ta taɓa tona ni ba.

A ranar ce ta tambaye ni me ke cikin littattafan. Na ba ta labari.

Ta ce, "Za su yi aure?"

Na ce za su yi.

"Kin riga kin sani?"

Na ce ai kowa ya sani, Mama.

"To me kike nema a ciki har wake ya ƙone?"

Bayan kwana biyu ta kira ni barandarta. Ta fito da littattafai uku masu bangon kwali, irin manyan nan na rajista, cike da rubutun hannunta. Ta ce, "Ni ma na rubuta labari. Babu soyayya a ciki. Akwai gona, akwai kotu, akwai ƙarya."

Na miƙa hannu. Ta janye.

Ba ta ba da aro. Ita za ta karanta, ni in saurara, kowace Alhamis da ƙarfe huɗu. Ta ajiye mini kujera mai hannu, ita ta zauna a kan benci, ƙasa da ni. Ta ce ni ce Mai Shari'a. Dokokinta biyu ne: ba a taɓa waya, kuma ba a tambayar abin da zai faru, domin alƙali ba ya leƙa shafin ƙarshe. Takan buga cokali sau uku a kan faranti, sai ta fara. Kuma daidai inda numfashina ya tsaya, daidai inda shaida ya buɗe baki zai faɗi sunan wanda ya aike shi, sai ta rufe littafi ta cire tabarau.

"An ɗage zama zuwa Alhamis."

Na yi roƙo, na yi fushi, na taɓa kai mata cin hancin soyayyen kifi. Ta cinye kifin ta ce za ta rubuta a littafin kotu cewa Mai Shari'a ya yi ƙoƙarin sayen akawu.

Labarin na wani ƙaramin gari ne da ba ta sa masa suna ba. Wani tsoho manomin doya, Baba Tanko, yana shari'ar iyakar gona da mai injin niƙa na garin. Mai injin yana da takarda, yana da lauya da ke zuwa daga birni a kan babur, rigar aikinsa a cikin leda. Baba Tanko ba shi da takarda. Abin da yake da shi maganar mahaifinsa ce, cewa ya binne gawayi a kusurwar gonar. Ban san da wannan al'adar ba sai a bakin Mama. Bishiya ana sare ta, dutse ana gusar da shi, amma gawayi ba ya ruɓewa a ƙasa, shi ya sa mutanen da suke binne shi a kan iyaka.

Na sha tambayar kaina me ya kama ni a wannan labarin, ni da ban taɓa taka harabar kotu ba.

A littattafaina mugu daga nesa yake zuwa, in an gama da shi kuma ya ɓace, ba a sake jin sa. A na Mama ba mai zuwa ko'ina. Shaidan da ya rantse ya yi ƙarya ranar Talata, shi ne ke zagayawa da kwanon baiko a coci ranar Lahadi, kuma Baba Tanko sai ya saka hannu a kwanon nan. Matar alƙali a injin wanda ake shari'a da shi take niƙa masara, domin babu wani injin. Shaida mafi muhimmanci ya tashi da safen ranar zama ya tafi gaida surukai. Fayil ya ɓace mako uku, aka same shi a bayan kabad, gara ta ci shafi ɗaya tak, kuma kowa ya san gara ba ta zaɓen shafi. Ba bindiga, ba gudu da mota, amma ni gabana faɗuwa yake yi in masinjan kotu ya tsaya shan ruwa a gidan da bai kamata ba.

Bayan an yanke hukunci kuma, duk sai sun gaisa da safe. Wannan ne ya hana ni sukuni.

Na fara kallon layinmu da wani ido. In na ga mai kanti da mai gidan haya suna magana ƙasa-ƙasa, sai in ce akwai kes. Maigida ya gano, ya riƙa tsokanata. In ya dawo ya ce, "Ranki ya daɗe Mai Shari'a, an yanke hukuncin tuwo ko an ɗage?" 'Yan guruf suka yi ta cigiyata ranar Alhamis. Na ce musu ina makarantar yamma. Ba ƙarya na yi ba.

A cikin labarin akwai wata yarinya, Saratu, sabuwar akawun kotun. Ba ta da yawan magana, ban ma damu da ita ba da farko. Mai injin ne ya sama mata ɗakin da take zaune, domin baƙuwa ce a garin, matarsa kuma ita ke aika mata abinci.

Sai aka zo babin da kotu ta fita ganin gonar da ido.

An yi hadari tun a hanya. Baba Tanko ya auna taku daga wani tsohon suri, ya ce nan ne, ya kama tono da fartanya. Ya tona har gwiwa babu komai. Mutane suka fara dariya. Ruwa ya sauko, alƙali ya dafe hularsa ya koma mota, lauya ya bi shi, jama'a suka watse zuwa gindin bishiyoyi. Saratu ce kaɗai ta tsaya, tana ƙoƙarin rufe littafin kotu da gyalenta. Tsohon bai daina tono ba. Sai ƙasa ta yi baƙi a ƙarƙashin fartanya. Ya ɗebo da hannu biyu ya nuna mata. Ta gani. Har ta sunkuya ta ɗauki gutsure ɗaya ta jefa a jaka. Kafin tsohon ya kai ga motar, direba ya ja. Kafin gari ya waye ruwa ya cika ramin, wani kuma ya taimaka wa ruwan.

A irin wannan kotun alƙali ke faɗa, akawu ke rubutawa. Washegari ya ce ta rubuta: kotu ta je, ta duba, ba ta ga wata alama ba.

Ta rubuta.

Baba Tanko ya miƙe a kotu ya nuna ta, ya ce a tambayi yarinyar nan. Alƙali ya ce akawu ba shaida ba ce. Ba ta ɗago kai ba. Gona ta tafi. Garin ya sa wa tsohon suna Mai Gawayi, yara na bin sa da shi har ya mutu. 'Yarsa ta bar garin, ta koma sayar da doya a kasuwar birni.

Da Mama ta kai nan na ce ai wannan hukunci mai sauƙi ne, a mayar wa tsoho gonarsa.

Ta ce, "Wancan kes an rufe shi tuntuni. Wanda ke gabanki na akawu ne."

Na ce ba wanda ya yi ƙarar ta.

Ta ce, "Ni na kawo ƙara."

Zama biyu muka yi muna ja. Ni na koma lauyar Saratu ba tare da an ɗauke ni ba. Na ce yarinya ce, baƙuwa ce, aikinta na farko ne, doka ma ta ce ba shaida ba ce, ko ta yi magana ba mai saurara. Mama ta bar ni na gama. Ta ce, "Ko ba a saurara ba, da tsohon ya ji da kunnensa mutum ɗaya ya ce na gani. Da 'yarsa ta ji." Na ce Mama kin cika tsanani, labari ne fa. Ta ce, "Ci gaba, ina rubutawa."

Na ɗauka wasa ne mai daɗi. Har na yi tunanin in ce ta ƙara babi, lauyan nan mai babur ya dawo ya auri Saratu su ɗaukaka ƙara tare. Allah ya taimake ni ban faɗa ba.

Ganinmu na ƙarshe Alhamis ce, mako biyu da suka wuce. Ƙafafunta sun kumbura, Anti Jummai ta ce za ta ɗauke ta zuwa gidanta a Mayo Gwoi don a fi kula da ita. Na tarar an ɗaure kaya. Kujerata da benci ne kawai suka rage a baranda.

Ta buga cokali. Ba ta buɗe littafi ba. Ta ɗauko wani tsohon gwangwanin madara, ta ɓalle murfin da bakin cokalin, ta zaro ƙullin hankici ta ɗora mini a cinya.

"Shaida ta ɗaya," in ji ta.

Gawayi ne, bai kai girman ƙwan kaza ba. Har da busasshiyar jar ƙasa a jikinsa.

Na daɗe ina kallon sa. Sai na tuna wata mai doya a kasuwa. Duk ranar da na raka Mama, sai ta wuce masu doya birjik, har da masu sabuwar doyar Iware da ke kiran ta, ta je can ƙarshen layi wurin mace ɗaya. Ba ta taɓa neman ragi a wurinta ba, ita da ke ja da mai tumatir kamar a kotu. Matar takan ce, "Akawu, ya ƙafa?" ta ƙara mata gyara. Ni na sha ɗauko doyar nan a kaina.

Na ce, "Mama, ta sani?"

"Ta san ni akawun kotun ne. Tana ganin ina cikin mota tare da su. Abin da ta sani, babanta ya tona rami a gaban mutane, kotu ta ce bai sami komai ba. Wata rana ta ce mini tsufa ne ya ruɗe shi. Na ce mata Allah ya ji ƙansa, na karɓi gyarana."

Na ce me ya sa ni, ga fasto, ga Anti Jummai.

"Fasto zai ce an gafarta mini tun ban gama magana ba. Jummai 'yata ce, kuka zai yi. Ke kin saurari kes daga farko, ba ki tsallake zama ko ɗaya ba. Abin da kika yanke shi zan yi. In kin ce in je in faɗa mata, a ɗora ni a keke napep in je. In kin ce ba laifi, a bar matar da zaman lafiyarta, in jefa wannan a murhu in dafa shayi."

Tana maganar kamar tana karanta jerin ƙararrakin rana. Ba hawaye, ba rawar murya.

Na duba ko'ina a kaina, ban sami littafi ɗaya cikin duk waɗanda na karanta da ya koya mini abin da ake faɗa a irin wannan wurin ba. Sai na ce, "Kotu tana neman lokaci."

Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Kin koyi aiki." Ta mayar da gawayin cikin gwangwani, ta buga cokali sau ɗaya.

"An ɗage zama zuwa Alhamis. A Mayo Gwoi. Kada ki makara, Mai Shari'a."

Alhamis ta zo ban je ba.

Mayo Gwoi ba nisa ba ne, keke ɗaya ne. Na yi wanka, na sa kaya, na zauna a bakin gado. Ba na so in dubi matar da ta rufa mini asiri da miyar zogale in ce mata kina da laifi. Ba na kuma so in ce ba ki da shi, domin za ta gane a fuskata. Ƙarfe huɗu da kwata ta kira. Ina kallon wayar har ta katse. Na tura mata saƙo cewa kaina ke ciwo.

Ta amsa: "Allah ya sawwaƙe, Mai Shari'a. Sai wata Alhamis."

Yau Laraba.

Na san abin da na yi. Na ga abu da idona, aka tambaye ni, na sunkuyar da kai. Babi guda aka karanta mini a kan wannan, na zauna a kujera mai hannu ina girgiza kai.

Ɗazu na sake kiran Anti Jummai. Ta ce Mama ta ba ta labarin duka ranar Lahadi bayan sujada, ta kuma ware gwangwanin da littattafan uku ta ce na Amarya ne. Ta ce in ina so in faɗa wa mutane in faɗa, banda sunayen waɗanda abin ya shafa. Shi ya sa ban faɗi garin ba, ban faɗi kotun ba, ban faɗi kasuwar ba. Sunayen da ke cikin labarin Mama ma ba na gaskiya ba ne. Wanda ya gane ko wace ce mai doyar, don Allah ya riƙe bakinsa zuwa jibi. Bai kamata ta ji a bakin 'yan layi ba.

Tun da ban faɗa a baranda ba, zan faɗa a nan.

Akawu ta gani, ba ta faɗa ba. Tana da laifi.

Mama ta koya mini cewa in an sami mutum da laifi, ba a yanke masa hukunci sai an tambaye shi ko yana da abin cewa don a sassauta. Ba ta nan, don haka ni zan faɗa a madadinta. Yarinya ce a lokacin, ita kaɗai a garin da ba nata ba. Ba wanda ya san da gawayin nan, da ta ga dama ta yar da shi a hanya tun ranar. Ta ɗauke shi daga gari zuwa gari, duk inda aka yi mata canjin aiki. Ba wanda ya yi ƙarar ta, ita ta kai kanta, ta rubuta littafi uku ba ta rage wa kanta komai a ciki ba. Ta kuma zo zama a kan lokaci. Alƙali ne bai zo ba.

Hukunci: gobe Alhamis da ƙarfe huɗu, ni da Anti Jummai za mu je ƙarshen layin masu doya da gwangwanin. Za mu ce wa matar babanta bai ruɗe ba, gawayin yana nan inda ya ce, kuma akwai wadda ta gani. Gona ba za ta dawo ba. Ban san ko za ta karɓa ba, ko za ta watsa mana shi a fuska. Wannan nata ne, ba na kotu ba.

Maigida ya ce zai kai mu ya jira a bakin kasuwa. Yau bai tsokane ni ba.

Iyali za su sanar da ranar jana'iza, zan saka a nan in sun tsayar. 'Yan guruf, ku yi haƙuri, ba zan shigo ba kwana biyu.

Ya Ubangiji, kai ne alƙalin da ba ya komawa mota don ruwa ya sauko, ka ga abin da ke cikin ramin, ka kuma ga abin da ke cikin gwangwanin. Ka karɓi baiwarka Rifkatu da jinƙai, ka ba ta hutawa. Ka ta'azantar da Anti Jummai da ƙannenta da jikoki. Ka ji ƙan tsohon nan da ban san sunansa na gaskiya ba, wanda bai yi ƙarya ba. Ka shirya zuciyar 'yarsa kafin mu iso.

Duk wanda ya karanta har nan, Kirista ko Musulmi, ina roƙon ka sa Mama da iyalinta a addu'arka yau. Ni kuma ku roƙa mini abu ɗaya: gobe in na tsaya a gaban tulin doyar nan, matar ta ɗago ta ce "Amarya, ina Akawu?", kada in sake neman a ɗage zama.